Warin da Ya Taso Daga Rumfar Baba

Auta tana duƙe a kan teburin shagonta tana yanka yadi, allura a bakinta, wayarta ta hau ruri a cikin kwandon zare. Maman Tagwaye ce, maƙwabciyar da katangarta ke manne da ta gidan Baba. Matar ba ta cika kira ba, kuma in ta kira sai ta gaida kowa har kajin gida kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Yau ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Auta, yaushe rabonki da jin muryar Babanku?"

Auta ta cire allurar daga baki. Shekaranjiya ne ko kafin nan? Ɗinki ya yi mata yawa a makon, kullum sai ta ce in ta tashi za ta kira shi, barci ya kwashe ta.

"Lafiya, Mama?"

"To, lafiyar ke nan. Jiya ban ji rediyonsa ba, yau ma shiru. Na aika an buga ƙofa, babu amsa. Sannan..." Ta rage murya. "Wani wari ne ke tasowa ta bayan gidanku. Ni dai ki zo."

"Wane irin wari?"

"Ki dai zo, 'yar nan."

Auta ba ta san sanda ta saki almakashi ba. Ta yafa mayafi, ta bar shagon a buɗe ga maƙwabcinta mai gyaran agogo, ta tare tasi. A hanya ta yi ta kiran Baba, wayar na shiga tana katsewa. Ta kira Yaya Babba, wanda ke aiki a wani gari mai nisa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, wataƙila mage ce ta mutu a cikin tukwanen shukar nan na Baba. Amma yadda ya maimaita "wataƙila" ya nuna mata shi ma bai yarda da kansa ba.

Baba shi kaɗai yake zaune tun rasuwar Inna. Ya yi aikinsa a sashen nazarin tsirrai na wata jami'a, yana tara ganye, yana matse shi a tsakanin takardu, yana ba kowanne sunansa. Da ya yi ritaya sai ya rufe bayan gidan da kwanon rufi na roba mai barin haske ya shiga, ya sa masa ƙofar katako, ya cika shi da tsirrai dangin gwaza. Unguwa ta laƙaba masa Baba Mai Ganye. Yaya Babba yakan tsokani Auta, ya ce an ƙwace mata autanci, Baba ya samo mata ƙanne da ba sa cin komai sai ruwa.

Duk sanda ta je gaishe shi sai ya ja ta rumfar. "Dubi wannan, zuciya sak. Wancan kan mashi. Wannan kuma za ki rantse ɓera ne ya ci shi, alhali haka Allah ya yi shi da hudojinsa. Duk 'yan gida ɗaya ne, babu mai kama da ɗan'uwansa." Ya fi son wani mai hawa ginshiƙi, wanda ganyensa na ƙasa sumul yake kamar tafin hannu, amma in ya kai sama sai ya tsattsage ya yi yatsu. Ya ce in ka kai wa mutum ganyen ƙasa da na sama, zai iya dafa Alƙur'ani ya ce ba tsiro ɗaya ba ne. Ita dai sai ta ce "Ikon Allah," tana satar kallon agogo.

Tun daga bakin layi ta hango mutane. Ba su da yawa, amma sun tsaya irin tsayuwar da ba ta so, nesa da ƙofa, ana magana ƙasa-ƙasa. Da ta sauko sai duk suka juyo suna kallonta. Maman Tagwaye ta tare ta, bakin zaninta a kan hanci.

A nan warin ya same ta. Ba na kwata ba ne, ba na shara ba. Warin nama ne da ya kwana a zafi, mai nauyi, mai wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, irin wanda ke manne wa mutum a maƙogwaro. Ta dafa bango.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," wani ya faɗa a bayanta, a hankali, kamar an riga an gama magana.

"Kar wanda ya ƙara faɗin komai," in ji Auta. Ita kanta ba ta gane muryar ba.

Tana da makullin ƙofar gida. Kafinta, dattijon da shagonsa ke kallon gidan, ya karɓa ya buɗe. Ya ce mata ta tsaya a waje, shi zai duba. Ta wuce shi ta shiga.

Falon yana nan yadda ta san shi. Hular Baba a kan rediyo. Kofin shayi a kan ƙaramin tebur, an sha rabi, tururuwa sun yi masa zobe. Takalmansa na fita suna bakin ƙofa a jere. Ta danna lambarsa, sai ga wayar tana kuka a ƙarƙashin jarida, kusa da hannunta. Ta yi sauri ta kashe, don ƙarar ta fi shirun ban tsoro.

"Baba?"

Ɗakin kwanansa a gyare. Banɗaki babu kowa. Duk taku ɗaya da ta yi zuwa baya, warin sai ya ƙara kauri. A ƙarshen lungun da ya wuce kicin, ƙofar rumfar tana rufe, manyan ƙudaje masu sheƙin kore suna shiga suna fita ta tsagar da ke ƙasanta. Ta tura. Ƙofar ta motsa kaɗan ta tsaya.

Kafinta ya sa ido a tsagar gefe, ya daɗe, sannan ya ɗago. "An sa sakata ta ciki."

Ya san abin da ya faɗa, ita ma ta sani. Baba yakan sa sakata in ya shiga, saboda iska na buga ƙofar tana karya masa ganye.

"'Yata, ki koma wajen mata," in ji Kafinta. "Akwai abin da bai kamata ɗa ya gani ba."

"Baba Kafinta, ka buɗe kawai."

Ya kawo ƙarfen cire ƙusa, ya soka tsakanin ƙofa da ginshiƙi, ya danna da ƙirjinsa. Katakon ya yi ƙara, ya tsage. Wani zafi mai laima ya bugo su tare da warin gaba ɗaya. Kafinta ya juya ya yi tari kamar zai amayar da hanjinsa. Auta ta naɗe mayafi a hanci ta kutsa.

Ciki duhu-duhu ne, hasken ma kore. Ganyayen sun yi girman da ba ta taɓa lura da shi ba, sun rufe 'yar hanyar da ke tsakanin tukwanen har ba ta ganin inda take sa ƙafa. Masu faɗin kunnen giwa suna shafar kafaɗarta. Masu hudoji suna kallonta kamar fuskoki. Wani mai yatsu ya sauko ya taɓa mata kunci, sanyi ƙalau, ta yi ƙara ta ja da baya har ta ture tukunya. Ba ta son ta duba ƙasa, ba ta kuma iya daina dubawa. Ƙudajen suna wuce kunnenta duk suna nufar kusurwa ɗaya, ta bi su, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

A kusurwar akwai rabin ganga cike da ƙasa. Daga cikinta wani abu ya fito, babu ganye ko ɗaya a jikinsa: wani kwano mai naɗe-naɗe, launin hanta, jiƙe kamar an feɗe shi yanzu, a tsakiyarsa wani dogon tsinke mai kauri ya miƙe har ƙugun mutum. Ƙudaje sun lulluɓe shi baƙi ƙirin. Auta ta tsaya tana kallo, hankalinta ya ƙi haɗa abin da ido ke gani.

Kafinta ya iso bayanta, ya leƙa, ya matsa, ya shinshina, ya ja da baya da sauri. Sai dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda ya tsallake rijiya da baya.

"Fure ne! Wallahi fure ne! Wannan abin ne ke wari! Kai, Baba Mai Ganye, Allah ya shirye ka!" Ya juya zai ɗaga murya ya sanar da na waje.

Auta ta riƙe hannun rigarsa. "Sakatar fa?"

Dariyar ta mutu a fuskarsa.

"Baba!" ta ƙwala. "Baba!"

Shiru, sai zuzun ƙudaje. Ta fara ture tukwane ba tare da ta damu da abin da ke karyewa ba. Can ta bangon ƙarshe, inda mai hawa ginshiƙin yake, ta ga tsani a kwance a karkace. A ƙarƙashin wasu faffaɗan ganye ta ga tafin ƙafa, fari fat da ƙura, silifa ɗaya a gefe.

Ta durƙusa ta yaye ganyen. Baba yana kwance a gefensa tsakanin bango da tukwane, ƙafarsa ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Jini ya bushe a goshinsa, tururuwa na bin gefen wurin. Leɓunansa sun tsattsage, idanunsa a rufe. Ta kai hannu za ta taɓa shi, hannun ya tsaya a iska. Muddin ba ta taɓa ba, ba ta sani ba.

Ta taɓa wuyansa. Da ɗumi.

Fatar idonsa ta motsa, ta buɗe kaɗan. Bakinsa ya yi alamar sunanta, amma babu sauti.

"Yana da rai! Baba Kafinta, yana da rai! A kawo mota! A kawo ruwa!"

Kafinta ya hana a ɗaga shi da hannu. Ya ɓalle ƙofar da ya fasa gaba ɗaya, aka zura ta a ƙarƙashinsa a hankali, maza suka ɗauka. Da aka motsa ƙugun Baba sai ya yi wani nishi da Auta ba za ta so ta sake ji ba har ta mutu. Maman Tagwaye tana biye tana ɗiga masa ruwa a leɓe da bakin mayafinta, tana kuka tana hamdala a lokaci ɗaya.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma jikinsa ya bushe ƙwarai. Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta ce da an ƙara yini guda, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Auta ta zauna a bencin baranda. Warin yana nan a mayafinta. Ta cire shi ta cusa a kwandon shara, wata ma'aikaciya ta ara mata nata.

Sai bayan an yi masa aiki muryarsa ta dawo, a shaƙe. Ya ce ya hau tsani ne ya auno sabon ganyen da ya fito can sama, ƙafar tsanin ta zame a kan laima. Ya yi kira har murya ta ƙare, amma ganye da kwanon rufin sun shanye sautin. Da ƙishi ya matsa masa, wani jiƙaƙƙen buhu da ke ƙarƙashin tukunya ya riƙa tsotsa. Ga ganye shar a bakinsa, cike da ruwa, amma ya san in ya tauna ko ɗaya maƙogwaronsa zai kumbura ya toshe.

"Ina kwance na ji shukar nan ta cikin ganga ta buɗe fure," ya ce. "Shekaru nake jiranta. Kowace shekara ganye ɗaya tak take yi, kamar 'yar bishiya, ya bushe, shi ke nan. Da warin ya iso ni, da fari na ɗauka ni ne."

Auta ta kifa kanta a gefen gadon ta yi kukan da ta riƙe tun daga shago. Ya ɗora hannu a kanta.

Yaya Babba ya iso washegari da faɗansa. Ya ce a sare komai, a rushe rumfar. Baba ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci, har sai da aka janye maganar. Amma zaman kaɗaici ya ƙare, wannan kam ko shi bai yi gardama ba. Da aka sallame shi, gidan Auta aka wuce da shi, mijinta ya kwashe kayan ɗakin baƙi ya sa masa gado mai ƙarfen riƙewa. Ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda yake tafiya.

Game da tsirran kuwa, ya rubuta wa tsohon sashensa na jami'a, suka turo babbar mota da ɗalibai. Ranar kwasa aka kai shi, aka ajiye masa kujera a tsakar gida. Auta ba ta iya shiga rumfar ba. Ta kai bakin lungun, ta dawo ta tsaya a bayan kujerarsa. Ɗaliban suna fitowa da tukwane ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana nuna su da sanda yana faɗin sunan kowanne, wata ɗaliba tana liƙa takarda.

"Kai, mai jar riga!" ya daka wa wani tsawa. "Ta gindi ake ɗauka, ba ta wuya ba. Haka aka koya maka ɗaukar jariri?"

Ɗalibin ya gyara riƙo yana ba da haƙuri. Tukwane uku Baba ya hana a saka a motar, ƙanana, waɗanda za su zauna a tagar sabon ɗakinsa. Auta ta ɗauki biyu, mijinta ya ɗauki ɗaya, suka kulle gidan.