Tafiyar Baba Tela

Tun ranar da Auta ta ce ilimin motsin jiki take karantawa a jami'a, Baba Tela ya hana ta sakat.

"Wato tafiya ake koya miki? Ai mu muka koya miki ita, kina rarrafe kina cin ƙasa."

Ta yi bayani har bakinta ya bushe. Masu wannan karatu suna taimakon wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya sake takawa, suna kula da 'yan ƙwallo, har masana'antu ana kiransu su gyara yadda ma'aikata ke ɗaga kaya. Baba ya gutsure zare da haƙori ya yanke hukunci: in zangon nan ya ƙare bai ga amfanin abin da idonsa ba, ta koma karatun jinya kamar yayarta. Maganar ta tsaya wa Auta a rai, don tana son karatun nan kamar me.

Ana cikin haka aka ba su aiki, kowa ya ɗauko bidiyon tafiyar wani ya yi nazari. Ta roƙi Baba. Ya yarda, amma sai da ya canza riga ya fesa turare, sai ka ce waya tana jin ƙanshi. Ya fito gaban shago, ya shanye tumbi, ya turo ƙirji, ya shiga takawa kamar sabon kurtu.

"Baba, tafiyarka ta kullum nake so."

"Ai ita ce wannan."

Mama ta leƙo daga ƙofar gida. "Ni dai ban taɓa ganinta ba, ko da kana saurayi."

Washegari Auta ta laɓe bayan yadudduka, ta ɗauke shi lokacin da ya tashi daga keken ɗinki zai ɗauko dutsen guga. Da ya gama aiki ta miƙa masa wayar. Ga mutum ya dafa gwiwa kafin ya miƙe, kafaɗa ta karkace, ƙafar hagu tana biyo ta dama kamar an yi mata dole.

Baba ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ya ce ta maido baya. Ta maido, ya ce ta ƙara.

"Wannan tafiyar babana ce," in ji shi a hankali. "A kan keken nan ya fara ta. Daga baya ya zauna, bai sake tashi ba."

Tausayi ya kama Auta, har ta ji kunyar laɓewar da ta yi.

"Ana gyarawa?"

"Ana gyarawa, Baba, in an fara da wuri. Kujerarka ta yi ƙasa da yawa, kuma da ƙafa ɗaya kake taka keke, ɗayar tana barci. Sai mun tashe ta."

"To tura ƙofar shagon, kada mai askin can ya gan ni."

Da Mama ta kawo ruwa, ta tarar da shi ya dafa bango, ƙafa ɗaya a sama, yana nishi, Auta tana riƙe masa ƙugu.

"Ikon Allah! To, karatun jinyar fa?"

Baba ya share gumi da kafaɗa.

"Mai jinya ɗaya ta ishi gidan nan. Ku bar min wannan, ita za ta hana in faɗa hannun waccan."