Jijiyar Hannun Hagu

Ƙarfe bakwai na safe Losaline Taufa, mai ɗibar jini, ta tura keken kayan aikinta zuwa gado na tara. Takardar hannunta ta ce kwalba huɗu, kamar jiya da shekaranjiya.

"Sauro ya iso," in ji Anti Noeleen, tsohuwar da aka kawo asibitin Cairns daga tsibirin Badu da ciwon ƙoda. "Yau ina za ki ciza, 'yata?"

Losaline ta duba hannun tsohuwar na dama. Ya yi baƙi tun daga gwiwa har wuyan hannu, babu inda allura za ta shiga. A hagu jijiya ɗaya ce ta rage mai kyau, ita ce kuma likitan tiyata zai gyara ranar Alhamis don a riƙa wanke mata jini ta nan. In ta lalace sai bututu a ƙirji, kuma an riga an gaya wa Anti da bututu ba za ta koma gida ba.

Ta sake karanta takardar. An rubuta "kullum", da sa hannun likitan da aka mayar wani sashe kwana goma sha tara da suka wuce. A kwamfuta, sakamakon kwana shida yana nan ba wanda ya buɗe.

Ta tarar da sabon likitan ɗakin, Dakta Whitby, a tsaye yana shan kofi.

"Dakta, me ake nema a jinin mai gado na tara?"

"Na kullum ne."

"Na gani. Wanne za ka duba?"

Ya kalli takardar. "Haka na tarar da shi."

"Hannun tiyata kaɗai ya rage. In sai an ɗiba, zo ka tsaya a yi a gabanka."

Ya ajiye kofin ya bi ta. Ya daɗe yana kallon hannun dama. Sannan ya soke gwaji uku daga takardar. Na huɗun ya mayar da shi Laraba, ya rubuta a ɗiba daga bayan hannun dama.

"Yau ba cizo ke nan?" in ji Anti Noeleen.

"Babu, Anti."

Losaline ta yanko filasta, ta rubuta "Kada a taɓa", ta manna a wuyan hannun hagu. Tsohuwar ta karanta sau biyu, ta ja bargo ta rufe hannun.

"Alhamis," ta ce.

Losaline ta tura keken zuwa gado na goma. Nan ma takardar ta ce "kullum".