Saƙon Kwana Arba'in

Wata shida ke nan ina sasanta tsakanin manhajoji biyu da ba sa ga maciji, kuma wallahi na gaji. Ɗaya ta lissafi ce, a cikinta nake shigar da duk abin da aka sayar a shagon yadin kawuna Alhaji Idrisu da ke bakin titin Nima. Ɗayar ta talla ce, aikinta aika wa masu sayayya saƙo a waya. Wanda ya sayar mana da su ya rantse cewa da an haɗa su za su riƙa yi wa juna magana, ni kuma in miƙe ƙafa. Maganar suna yi, sau huɗu a rana, amma irin ta kurame.

Ta yaya na'ura za ta gane mutanen unguwarmu ta zango? Hajiya goma sha tara ce a littafinmu. Mace ta saya, ta biya da wayar mijinta, ta ba da lambar maƙwabciya. Ni Saratu ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya ina warwarewa, har idona ya fara ganin biyu.

Kawu ne ya ce duk wanda ya daɗe bai leƙo ba a tuna masa. Na tambaye shi kwana nawa za a sa. Ya ce, "Sa arba'in, lamba ne mai albarka." Na sa. Kalmomin saƙon ma ni na tsara su, har ina jin daɗin kaina.

Ranar Alhamis ɗin nan na buɗe shago ni kaɗai, domin Kawu ya riga ya wuce unguwar Maamobi wajen addu'ar arba'in ta Hajiya Mubarika. Niyyata in duba kwamfuta in rufe in bi shi. Hajiya ba mai sayayya ba ce kawai a wurina. Uwar Hafiza ce, aminiyata tun muna makarantar allo, kuma rabin tuwon da ya gina jikina daga tukunyarta ya fito.

Tara da minti arba'in na buɗe jerin saƙonnin da za su fita ƙarfe goma. Na uku a jerin ne ya tsayar da ni.

"Hajiya Mubarika, kwana arba'in ba mu gan ki ba, mun yi kewarki. Farin yadin da kika saya, muna fata ya yi miki kyau. Sababbi sun iso, ki leƙo mu."

Nan take na tuna. Ran da ta rasu, Hafiza ta aiko a yanko likkafani. Kawu ya ce sadaka ne, kada a karɓi ko sisi, amma dole in shigar da shi don lissafin kaya ya yi daidai. Da na zo wurin suna sai hannuna ya tsaya. Ni dai ban iya rubuta likkafani da sunan mai rai ba, balle sunan Hafiza. Sai na rubuta shi da sunan mai shi. Ta lissafi ta ga ciniki, ta gaya wa ta talla, ita kuma ta fara ƙirga kwana daidai da yadda malamai ke ƙirgawa. Wayar Hajiya kuwa tana hannun Hafiza, layin bai mutu ba.

Na rufe sunan a manhajar lissafi. Banza: ba za su sake yi wa juna magana ba sai sha biyun rana. Na yi ƙoƙarin shiga ta tallan in kashe saƙon, ta ce sai na sa lambar sirri da ta tura wayar Kawu. Na kira shi sau biyar. Kawu in ya zauna gaban malamai, ko gobara ce ba ya taɓa aljihu.

Na ja ƙofa na fita. Titin Nima a cushe kamar kullum, motocin haya na trotro ɗaya bayan ɗaya, yaran mota na ihun kiran masu zuwa Circle, don haka na bi lungu da ƙafa. Na tsallake gadar babbar kwata, na ratsa masu sayar da waakye, shinkafa da wake, wata tana kira na in zo in ga sabon jikanta, na yi kamar ban ji ba. Ina tafe ina zagin kaina. Da na ce hamsin, da na ce talatin, da na rubuta "mai saye" kawai kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Abin da nake tsoro ɗaya ne: Hafiza ta karanta wannan abu a ranar nan, ta san daga hannuna ya fito.

Na isa goma da minti bakwai. An kafa rumfa ta tare lungun, maza na karatu, ana ta zuba shinkafa a robobi. Na hango farar hular Kawu can gaba, ban ma nufe shi ba. Na shiga cikin gida.

Hafiza na zaune a bakin ƙofar ɗakin uwarta, wayar a cinyarta. Duk kwanakin nan ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya, har mata na gulma wai zuciyarta dutse ce. Ta ɗago ta dube ni, na san bakin alƙalami ya bushe.

"Zo," in ji ta. Ta ja ni cikin ɗakin ta tura ƙofa. "Ke ka rubuta wannan?"

"Na'ura ce ta aiko. Amma kalmomin nawa ne, laifin ma nawa ne. Hafiza, don girman Allah..."

"Anti Zuera ƙanwar Mma ya gani. Ya ce ku mutanen shago ba ku da kunya, har gawa kuna ma talla." Ta faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba. "Na so in fasa wayan nan a ƙasa, Saratu."

Kunya ta rufe ni, ga gajiya, ji nake kamar in zauna a ƙasa kada in ƙara tashi.

Ta sake duban saƙon, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ya ce wai yana fata ya yi mata kyau. Ni ban sani ba. Ran nan ban iya shiga ba, kin tuna? Na tsaya a waje kamar baƙo. Ke ka shiga da masu wanka. Kwana arba'in ina so in tambaye ki, bakina ya ƙi. Yadin ya isa? Mma yana da jiki. Kullum ina ganin kamar ƙafanshi ya fito."

Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan ita kaɗai, ni ina can ina faɗa da kwamfuta.

Na ce, "Ya isa, har ya yi saura. Ni na riƙe gefen ƙafa da hannuna, na naɗe, na ɗaure. Babu inda ya fito. Mun sa mata turaren da take so, wanda take cewa Kawu na tsuga masa kuɗi. Ta yi kyau, Hafiza. Wallahi ta yi kyau."

Sai ta zube a jikina. Kukan da ta yi har waje aka ji shi, Anti Zuera ta turo ƙofa, ta gan mu, ta ja ta rufe. Muka zauna a ƙasa kan tabarmar Hajiya, mayafina ya jiƙe sharkaf, ban motsa ba.

Muna nan zaune har wayata ta yi ƙara a jaka. Sha biyu ta yi. Manhajojin sun yi maganarsu, suna sanar da ni an cire mutum ɗaya daga jeri. Hafiza ta tambaye ni mene ne.

Na ce, "Labarin rasuwar ne ya isa gare su."