Ranar da Ruƙayyatu ta Kira Sunan Ɗanta

Duk unguwarsu a Isa babu macen da ake yabo da kara kamar Ruƙayyatu. Jibrilla ɗanta ne na fari, shekararsa biyu da rabi, amma ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, balle a gan ta ɗauke da shi gaban surukai. Tun da aka yaye shi yana ɗakin kakarsa, Nana Hauwa. Kuma ba za ni ɓoye muku ba, yabon nan daɗi yake mata.

Shekarar fari ce. Gero ya tsiro ya ƙone, mijinta ya yi kudu neman abin da za a ci. Ran nan da hantsi maza suka fita roƙon ruwa, surukinta Malam Na'Allah ya dawo sharkaf da gumi, aka yi masa shimfiɗa a rumfa. Ruƙayyatu ta yayyafa ragowar ruwan wanke-wanke a ƙasa don wurin ya yi sanyi. Sai ga shi an kawo wuta, bayan kwana tara babu ita.

Fankar gidan, kan fuloginta ya daɗe da fashewa. Wayoyi biyu ne tsirara ake cusawa a soket, a danne da tsinken ashana. Aka jona ta, Ruƙayyatu ta durƙusa bakin rumfa tana dama wa Malam fura.

Ta ga Jibrilla ya taho ba takalmi, yana taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta ga inda idonsa yake, kan wayoyin nan. Taku uku ne tsakaninsu, wallahi uku! Amma Malam yana zaune, yaya za ta miƙe ta sungumi ɗan fari a gabansa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, yaron ga." Nana Hauwa tana can bayan rumbu, ba ta ji ba. Ta sake faɗa ƙasa-ƙasa, ludayi yana hannunta.

Sai ƙara. Wuta ta ja yaron ta yar da shi zaune, Malam ya kai wa wayar sanda ta fice. Allah ya taƙaita: yatsu biyu ne suka yi ja, ɗaya ya ɗan tashi. Nana Hauwa ta sheƙo tana salati, ta ɗauke shi, ta tsoma hannun cikin ɗan ruwan shan da ya rage a randa.

Maƙwabta suka cika gida. Wata tsohuwa, Zainaba, ta nuna Ruƙayyatu tana tafa hannu. "Ku ga kara, jama'a! Ko ludayi ba ta aje ba. In da ɗiyan yanzu na, da tuni ta tara muna gari da kuwwa."

Mata suka ɗauka, kowa da nata yabon. Ruƙayyatu ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Kowace kalma ƙona ta take yi.

Malam ya dube ta. "Ɗiyata, kin gan shi sa'ad da yat taho?"

"Na gan shi, Baba."

Sai kawai ya jawo carbinsa. Da ma zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Ta ajiye ludayin. Ta miƙe, ta wuce gaban surukinta, ta tsaya tsakiyar mata, ta kira ɗanta.

"Jibrilla."

Zainaba ta kama baki. Yaron ya tsagaita kuka, ya dubi ƙofar gida, ya dubi kakansa, yana neman wanda ya kira shi.

"Jibrilla, ni ce. Taho."

Ta miƙa hannu biyu. Ya yi mata kallon baƙuwa, sannan ya ɗaga yatsunsa ya nuna wa Nana Hauwa, ya cusa kansa a wuyanta.