Takalmin Mannir a Ƙofar Zaure

Ranar da Amatullah ta kira shi ta ce mahaifinta ya yarda ya zo Kafur ran Asabar su gaisa, Mannir ya rufe shagonsa na maganin feshi tun kafin la'asar. Murna ta hana shi zama. Ya tsaya bakin titin Funtua yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu. Sai da ya sunkuya zai ɗana kwaɗo idonsa ya sauka a kan ƙafarsa.

Lamba arba'in da bakwai yake sawa, ga shi siriri, ba kuma dogo can ba. Tun a firamare ake ce masa Kwalekwale. Silifas na roba kaɗai ke shigarsa, shi ma diddige na waje. Ya taɓa gaya wa Amatullah cewa yana tsoron ranar da babanta zai ga ƙafar nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ƙi faɗin dalili.

Malam Maitama kuwa, baban nata, ba a yi masa gaisuwa ta biyu. Kallo ɗaya yake yi wa saurayi daga hula zuwa ƙasa, in bai kwanta masa ba shi ke nan. An ce ya taɓa sallamar wani ɗan Malumfashi mai mota don kawai wandonsa na share ƙasa.

Mannir ya faɗa kasuwa da sauri, ya nufi rumfar Madam Chinwe mai takalma. A Funtua aka haife ta, bakinta ya fi na wasu 'yan gari kaifi.

"Ango, ɗora ƙafar a benci in gani," ta ce. Ya ɗora. "To, ni kuma ina zan zauna?"

Ya nuna wani fari mai tsinin baki da ke rataye. Ta buge masa hannu. Ta ce wannan na masu ƙaramar ƙafa ne, su ake ba mai tsini da mai haske, su haɗa da wando tsuke, ƙafar ta fito. Shi in ya sa irinsa, takalmin zai riga shi shiga gidan surukai ya gama gaisuwa kafin ya iso. Nasa sau-ciki ne, baƙi, mai zagayayyen baki, mai ɗinki a gicciye da zai yanke tsawon, gindinsa kuma kada ya fito gefe. Ta shige can ciki, ta yi ta jan buhuna, ta fito da guda ɗaya da ya daɗe yana jiran mai shi. Ya zura ƙafa. Ta shige har diddige. Ya miƙe ya taka, ya sake takawa, ya ji kamar ya ruga da gudu.

Ta tura shi wurin Ganiyu tela a layin baya, ta ce kada ya cire takalmin, a gwada shi da shi a ƙafa. Ganiyu ya zagaya shi da tef a wuya, ya ce matsattsen wando shi ke tona masa asiri tun da can. Zai yanka masa mai faɗin baki, ya sauko ya kwanta a kan takalmin ya rufe rabinsa. Mannir ya tuna da ɗan Malumfashi, ya faɗa masa. Ganiyu ya durƙusa ya sa yatsa tsakanin bakin yadin da ƙasa.

"Ka gani? Ba ya taɓawa. Ko Malam ya zo da tabarau."

Ran Juma'a ya karɓi ɗinkin. A madubin Ganiyu ya ga wani mutum mai ƙafa kamar ta kowa. Ya juya hagu, ya juya dama, har telan ya ce ya matsa akwai masu jira.

Ran Asabar ya hau mota zuwa Malumfashi, daga nan babur zuwa Kafur. An girbe masara, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Duk hanya yana bitar gaisuwa a ransa, yana leƙen takalmin yana murmushi.

A ƙofar zaure ya yi sallama, aka amsa daga ciki. Ya yi abin da kowane mai tarbiyya ke yi: ya tuɓe takalmi.

Wandon ya zubo ƙasa. Bakinsa ya baje a kan siminti, na baya ya shige ƙarƙashin diddigensa. Su uku suka tsara shigar nan, babu wanda ya tuna cewa ba a shiga wurin suruki da takalmi.

Malam Maitama na zaune a tabarma, ya tanƙwashe ƙafafu cikin babbar riga, yana kallon ƙofa. Mannir ya tsaya. In ya shiga haka, ƙafar ta ɓuya, wandon kuma ya share zauren tun daga ƙofa. In ya naɗe, komai ya fito fili. Ya sunkuya ya naɗe, ya ƙara naɗewa har saman idon sawu. Ya shiga da ƙafafunsa kamar yadda Allah ya yi su, ya durƙusa ya gaida dattijon.

Malam ya amsa a taƙaice. Idonsa bai tsaya a hula ba, bai tsaya a riga ba. Ya sauka ƙasa ya zauna a can.

"Samari, wancan takalmin na ƙofa naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Miƙo shi nan."

Ya ɗauko ya ajiye a gabansa. Malam ya juya shi, ya duba gindin, ya latsa fatar. Sannan ya janye riga ya miƙe ƙafafu. Mannir ya kalla, ya kawar da kai don kunya, ya sake kalla. Nan take ya gane dariyar Amatullah.

Dattijon ya zura ƙafa, ta shige. Ya miƙe ya sauka daga tabarma, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya sake zuwa. Ya ce rabonsa da sau-ciki tun yana saurayi, ɗaurin aure da suna duk da takalmin taya yake zuwa, ya nema har Kano bai samu ba. Ya tambayi sunan mai rumfar da layinta. Daga nan ya shiga tambayar Mannir iyayensa da sana'arsa da inda ya yi karatu, duk a tsaye, yana kai da komowa. Mannir na amsawa, daɗi ya cika shi.

Da Malam ya zauna ya kama diddige zai cire, a hankali yake yi.

"Baba, a bar shi," Mannir ya ce. "Ya fi dacewa da ku."

Malam bai yi musu ba. Ya tura masa nasa na taya da ƙafa.

"Ka gaya wa magabatanka su zo. Wandon nan kuma ka mayar wa tela ya rage shi."

Daga bayan katanga wata dariya ta kufce, aka toshe ta da sauri. Mannir ya fito da takalmin taya da wando a naɗe, bai ko sauke shi ba. Kafin ya samu babur ya kira Madam Chinwe, ya ce ta fara jan buhuna, akwai biki a gaba, kuma yanzu su biyu ne.