Finjalin Malam Lado

Usama ya ɗaga butar gahawa da hannun hagu, ya tsiyaya ɗan kaɗan a finjali, ya miƙa wa Malam Lado da hannun dama.

"Kada ka haɗiye tukuna, Malam. Fara shaƙar ƙamshin, sannan ka bar ta ta ɗan zauna a harshe."

Malam Lado ya leƙa cikin finjalin. "To ina gahawar? Wannan ai ko tsuntsu ba zai jiƙa maƙoshi da ita ba."

"Haka ake zubawa a nan. In aka cika maka, korarka ake yi."

Rana ta biyu ce ta ƙaramar Sallah, bayan la'asar, a ɗakin baƙin su Usama da ke unguwar Mahjar a Jidda. Shekara shida Usama yana dakon buhunan gahawa a tashar jiragen ruwa kafin ya koyi dafa ta. Yau ya dafa kala uku, ya kira abokinsa Tariq, haifaffen Jidda kamarsa, da maƙwabcinsu Malam Lado, ma'aikacin jinya da ya zo daga Katsina wata huɗu da suka wuce, wanda bai san komai ba sai shayi. Amma wanda yake jira da gaske Ammu Mish'al ne, wani dattijo mai ɗaukar masu raba gahawa aiki a gidajen biki. Ya ce zai biyo ya ɗanɗana. In ta yi masa, Usama ya bar dako, bayansa ya huta.

Ta farko 'yar Habasha ce. Malam Lado ya ce kamar an jiƙa sassaƙe. Ta biyu ta Yaman, da citta a ciki, ya ce wannan da dama-dama, za ta yi maganin mura. Suka ci dabino, suka kurkure baki. Sai Usama ya ɗauko ƙaramar buta. Wannan daga duwatsun Jazan take, cikin tafi ɗaya kawai ya samu, kuma saboda Ammu Mish'al ya dafa ta. Niyyarsa kowa ya taɓa sau ɗaya, a ajiye sauran.

Malam Lado ya kurɓa, ya lumshe ido. "Kai! Ashe dai akwai gahawa a duniya."

Ya miƙo finjalin. Usama ya tsaya kallon hannun. A Jidda, wanda ya ƙoshi sai ya ɗan girgiza finjali kafin ya mayar. Wanda bai girgiza ba, ƙari yake so, kuma ba a hana shi. Hannun Malam Lado ko motsi bai yi ba. Usama ya ƙara masa.

Shi kuwa Malam Lado, a gidansu ba a mayar da hannun kyauta baya. Aka miƙo, ya karɓa, ya shanye, ya mayar. Aka sake miƙowa.

A na shida Tariq ya matso kusa da Usama. "Ya akhi, faɗa masa mana. Za ta halas, za ta ƙare fa."

Usama ya girgiza kai. Tun yana ƙarami mahaifinsa yake cewa mai buta ba ya ce wa baƙo ya isa.

Sai Tariq ya ɗaga nasa finjalin dab da fuskar Malam Lado, ya girgiza shi da ƙarfi, har sau uku.

Malam Lado ya dube shi da tausayi. "Yaron nan, hannunka rawa yake. Tun yaushe? Ka same ni a asibiti bayan hutu."

Buta ta yi ta sauƙi a hannun Usama. Ga ƙafafunsa sun gaji, don mai raba gahawa ba ya zama. Ya zuba na goma sha ɗaya ke nan aka yi sallama. Ammu Mish'al ya shigo da tumbinsa da carbinsa, aka yi barka da Sallah, ya zauna.

Malam Lado ya sake miƙo finjali. Amma gahawa ta riga ta kama shi, yatsunsa suna karkarwa, finjalin yana rawa da kansa.

"Halas! Alhamdu lillahi!" Usama ya cafke finjalin kamar wani zai ƙwace.

Ya ɗauki sabon finjali, ya karkata butar har ta kusa kifewa. Abin da ya fito bai kai cokali biyu ba. Ammu Mish'al ya taɓa a baki, ya yamutsa fuska.

"Ta huce. Kuma gindin buta ne. Ina sauran?"

"Tana cikina, Alhaji," in ji Malam Lado yana dafe da ƙirji. "Goma sha ɗaya. Tun a na uku na ƙoshi, yaron nan ya ƙi sakina."

Ammu Mish'al ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Da ya lafa, ya dubi Usama. "Kana kallo tana ƙarewa, ba ka ce masa komai ba?"

"Baƙo ne, Ammu."

"Kuma a tsaye kake tun la'asar?"

"E."

Ammu Mish'al ya ɗauki carbinsa ya kakkaɓe. "Ran Alhamis akwai biki a unguwar Ruwais, mutum ɗari uku. Ka zo da farar riga a goge. Yalla, maza ba ni ta Yaman ɗin in ji."

Malam Lado ya ce, "To don Allah, a garin nan yaya mutum yake cewa ya ƙoshi?"

Tariq ya ɗaga finjalinsa, ya girgiza a hankali.

Malam Lado ya daɗe yana kallonsa. "Ashe lafiyarka ƙalau."