Ƙasar Ɗakin Ƙande

Tsingaron ya kama tsintsiyar Ƙande ne a daidai ƙofar sabon ɗakin. Ta sunkuya ta ɗauka don ta jefar, sai babban yatsanta ya faɗa cikin wani ɗan gurbi a ƙarƙashin leɓen, ya zauna daram kamar an auna. Ta shafa gaba, ta ji na biyu. Ta ji na uku. Tsintsiyar ta suɓuce daga hannunta.

Shekarun da ta yi tana ginin tukwane a Magariya, tun ana tsayawa bakin kasuwa a hango gonaki, haka take sa wa kayanta shaida. Na sayarwa ta dangwala yatsa sau ɗaya tun yumɓu na ɗanye, na ɗakinta kuwa sau uku. Randunan ɗakinta kuma ta san inda suka tafi. Ranar da mijinta Malam Sadisu ya rasu, damina ta yi tsakiya, ba a samu itacen rufe kabari ba. Maza suka shigo suka zubar da ruwan, suka fita da randunan, suka tsaga su biyu-biyu suka kife a kansa. Ita dai labari aka ba ta. Mace ba ta zuwa maƙabarta.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. Ɗanta na fari, Ajimi, mai saro kayan babur daga Kano, shi ya gina mata, don tsohon ɗakinta ya tsage, wata daminar ba za ta bar shi tsaye ba. Bulon ƙasa ne ja, an kafa kwano, saura yaɓe. Jiya ma ta tsaya a nan tana sa masa albarka.

Bayan ɗakin, inda aka kwaɓa ƙasa, ta tarar da tarin tarkacen da magina suka tsince. Tsingaro ne da saiwoyi, da waɗansu gutsattsari masu launin tsohon haƙori, marasa nauyi.

Bukar mai amalanke ya shigo da jakinsa, ya kawo ƙasar yaɓe.

"Inna, an tashi lafiya? Wannan sahun ya fi na jiya kyau, ko siminti sai haka."

"Bukar, ina kake ɗebo ta?"

"Inda kowa ke ɗeba mana."

"Ina ne inda kowa ke ɗeba?"

Ya dubi abin da ke hannunta, ya dubi kunnen jakinsa.

"Kada ka juye," in ji ta. "Juya akalar. Ka kai ni."

* * *

Rabonta da wannan gefen gari tun ƙafarta na da ƙarfin zuwa ɗibar yumɓu. Ba ta gane hanya ba. Inda ta san gonar gyaɗa, shaguna ne a jere da ƙofofin ƙarfe. Inda ta san bishiyar kuka, gidan mai. Bukar yana ta nuna mata da bulala, don dai kada shiru ya yi yawa: wannan benen na wani ɗan kasuwar Damagaram ne, wancan na wani alhajin Kano, bai taɓa kwana ciki ba.

"Gari ya ci gaba, Inna. Fili yanzu ya fi zinariya."

Jakin ya tsaya don kansa, ya saba.

Rami ne, faɗinsa ya kai filin idi. Manyan motocin kamiyo biyu suna ciki, majiya ƙarfi suna watsa ƙasa da shebur, rediyo na tashi. Can sama, bakin ramin, an riga an kakkafa duwatsun siminti na yanka filaye. Ƙande ta kai ido ga bangon ramin, inda diga ya sare ƙasa ta tsaya tsaye, sai ta ga tukwane. Jere suke, layi bisa layi, an datse su ta tsakiya. Ƙarƙashin kowace akwai ɗan kogo baƙi, buɗe, yana kallon rana.

Ta riƙe gefen amalanken da hannu biyu.

Wani cikin masu haƙan ya hango ta, ya ɗaga murya yana dariya. "Iya, mata ba sa zuwa nan fa!"

Wato sun san ko ina ne.

* * *

Ajimi ya dawo bayan azahar ya same ta zaune a ƙasa, ta shimfiɗa farin mayafinta, ta tattara gutsattsarin nan a kai. Matarsa Zuwera ta laɓe a ƙofar madafa, ta rufe baki da hannu.

"Ajimi."

Ya tsaya cak, mabuɗin babur a hannu. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne, "wannan yaron" take ce masa, har ga shi da furfura a gemu.

Ta miƙa masa tsingaron. "Sa yatsanka."

Bai sa ba. Ya san shaidar, cikin randunan nan ya sha ruwa yana yaro. Ya durƙusa.

"Inna, an daina binnewa a can tun da daɗewa. An ce kabari in ya tsufa ƙasa ya koma. Rabin sabuwar unguwa da ita aka gina, ba mu kaɗai ba ne."

"Ka sani ke nan."

"Na tambaya, wallahi na tambaya! Suka ce mini ta yamma suke ɗiba. Baba yana gabas, gindin aduwa. Da na san sun kai gabas…"

"Na yamman," in ji Ƙande, "ba su haifi kowa ba?"

Tana duban Ajimi tana neman inda mugun yake, ba ta gani ba. Yaron da ya hana kansa sabuwar riga don uwarsa ta samu inuwa, shi ne a gabanta. Da azzalumi ne da ta san abin da za ta ce masa.

"Zan rushe shi," ya ce.

"Ka kai ƙasar ina? Ramin? Gobe Bukar ya kai wa wani."

Abin da ke cikin mayafin dai Ajimi ya ɗauka, shi da liman, suka kai sabuwar maƙabarta. Bai fi cikin ƙwarya ba. Sauran yana cikin bango.

* * *

Ƙande ta ci gaba da kwana a tsohon ɗakinta, sabon yana rufe. Zuwera ta daina shanya a jikinsa. Ko kaji suka nufi wajen sai ta kore su.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska. Ƙande tana tsakar gida tana kwashe tabarmi ta ji ƙugi a bayanta. Tsohon ɗakin ya zauna, kamar raƙumi ya gaji.

Ajimi ya fito a guje ya buɗe sabuwar ƙofar. "Inna, don Allah ki shiga. Ruwa na dukanki."

Ta taka har bakin ƙofa ta tsaya. Ruwa yana wanke jan bangon, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Kusa da dokin ƙofa wani tsingaron ya fara leƙowa.

"Ku maza," ta ce, ba ta waiwaya ba, "me kuke cewa in za ku shiga maƙabarta? Ni ba a koya mini ba."

Ajimi ya faɗa mata sallamar da ake yi wa mazauna kabari, kalma ɗaya-ɗaya. Ta maimaita a bayansa har ƙarshe.

Sannan ta tuɓe takalmanta, ta jera su a waje cikin ruwa, ta shiga.